Dosiyen marar lafiya da basirar na'ura: darasin shekara 18 daga Faransa

A shekara ta 2004 gwamnatin Faransa ta yi alkawarin cewa cikin shekara uku kowane ɗan ƙasa zai samu dosiyensa na lafiya a cikin kwamfuta. Sai da aka share shekara 18 kafin maganar ta zauna. Yanzu da ake tallar ƙirƙirarriyar basira ko'ina, ana cewa ita ce za ta raba gidajen likita da tulin takardu, ya kamata mu san abin da ya hana ruwa gudu a can, tun kafin a kawo mana hajar a nan.

Duk wanda ya taɓa raka marar lafiya gidan likita ya san tambayar farko da ake yi masa: "Ina karnen?" In karnen ya ɓata, ko ruwan damina ya jiƙa shi, ko an baro shi a ƙauye, sai a sayi sabo a koma farko, kamar mutum bai taɓa ciwo ba. A sake auna jini, a sake hoton radiyo, a sake biya. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Akwai wadda ta fi ta muni: dokotoron da ke tsaye kan marar lafiya bai san jikinsa ba ya karɓar fenisilin ba, bai san an taɓa yi wa matar nan tiyata wajen haihuwa ba, bai san tsohon nan yana shan maganin da ke tsinka jini ba. Wanda aka kawo a sume ba ya ba da labari. Dosiyensa ne ke magana a madadinsa, in akwai shi, in kuma an same shi a kan lokaci.

Wannan ne ya sa ƙasashe da yawa suka ƙuduri aniyar mayar da takardun marasa lafiya cikin kwamfuta, wadda a nan muka fi sani da ordinater. Mun zaɓi mu duba labarin Faransa domin dalili biyu. Na ɗaya, da harshenta ne dokotorocinmu ke rubuta dosiye, kuma tsarin gidajen likitarmu ya ɗebo abubuwa da yawa daga nata. Na biyu, ƙasa ce mai kuɗi, mai kuran dare da rana, mai masana, amma duk da haka ta yi tuntuɓe. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Alkawarin 2004

Dokar ranar 13 ga Agusta 2004 kan inshorar lafiya ce ta haifi abin da Faransawa ke kira DMP, watau dosiyen lafiya na mutum. Ministan lafiya na lokacin, Philippe Douste-Blazy, ya ce zuwa tsakiyar 2007 kowa zai samu nasa, kuma ƙasa za ta riƙa tsimin yuro miliyar 3,5 a kowace shekara, kusan sefa miliyar 2.300 ke nan, saboda za a daina maimaita gwaje-gwaje da rubuta magungunan da ba su jituwa.

Shekarar 2007 ta zo, babu dosiye. A ƙarshen wannan shekarar sufetocin gwamnati suka fitar da rahoto mai zafi, suka ce wa'adin da aka ɗiba tun farko bai dace da hankali ba. A 2009 minista Roselyne Bachelot ta sake tayar da aikin, aka kafa sabuwar hukuma. A farkon 2011 aka buɗe tsarin ga jama'a. Da kotun binciken kuɗin ƙasa, Cour des comptes, ta yi lissafi a 2012, sai ta tarar an kashe aƙalla yuro miliyan 210 daga 2004 zuwa ƙarshen 2011, sama da sefa miliyar 137. Dosiyen da aka buɗe kuwa ba su kai 200.000 ba, a ƙasa mai mutum wajen miliyan 65, kuma da yawa daga cikinsu fanko ne, babu ko takarda ɗaya.

A 2016 wata doka ta danƙa aikin ga asusun inshorar lafiya na ƙasa, aka sauya sunan zuwa dosiyen lafiya na tarayya. A watan Nuwamba 2018 minista Agnès Buzyn ta sake ƙaddamar da shi. Adadin ya hau zuwa miliyoyi, amma kukan bai sauya ba: an gina rumbu, hatsi bai shigo ba.

Abin da ya hana ruwa gudu

Kwamfutoci na nan, kuɗi na nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne daidaita aiki tsakanin masu hannu a ciki, kuma ana iya ganin haka ta fuska uku.

Ta farko ita ce lambar shaida. Ma'aikacin gwamnati ya san darajar matirikil ɗinsa: ko mutum goma ne ke da suna irin nasa, albashinsa ba ya faɗawa aljihun wani. Ɗan kasuwa ma ya san amfanin lambarsa ta ofishin haraji. To, shekara da shekaru marar lafiya a Faransa ba shi da lamba guda da kowane gidan likita ya yarda da ita. Akwai lambar inshora da kowa ke da ita, amma a 2007 hukumar kare bayanan jama'a, CNIL, ta nuna ba ta son a yi amfani da ita kai tsaye a dosiyen lafiya, don tsoron kada a haɗa sirrin jikin mutum da sauran takardunsa. Kowane gidan likita ya ci gaba da ba da tasa lamba. Mutum ɗaya ya zama mutum biyar a wuri biyar.

Ta biyu ita ce harshen na'urori. Dokotoro mai zaman kansa yana da manhajarsa, labo yana da tasa, mai sayar da magani yana da tasa, babban asibiti yana da goma ko fiye, kowace daga wani kamfani dabam, kuma ba su jin maganar juna. Dokotoron da ke son zuba takarda cikin DMP sai ya bar abin da yake yi, ya shiga wata ƙofa, ya sake rubuta abin da ya riga ya rubuta. Wanda ke da layin marasa lafiya a bakin ƙofa ba zai yi aiki biyu ba. Da ba su zuba ba, sai dosiye ya zama fanko; da ya zama fanko, sai babu mai buɗe shi.

Ta uku ita ce jagoranci. Daga 2005 zuwa 2016 aikin ya bi ta hannun hukumomi uku. Kowane sabon minista da tasa sanarwa, kowace jiha da nata gwaji. Babu wani ofishi guda da ke da ikon ce wa kamfanoni da asibitoci: ga ƙa'ida, kowa ya bi.

Yadda aka gyara

Daga 2019 aka sauya salo. An kafa ofishi guda a cikin ma'aikatar lafiya, aka ɗora Dominique Pon da Laura Létourneau a kansa, aka ba shi aikin jan ragamar dukan hukumomin da abin ya shafa. Tunaninsu mai sauƙi ne: gwamnati ta shimfiɗa hanya ta kafa dokokin tuƙi, kamfanoni su ƙera motoci, amma duk motar da ba ta cika ƙa'ida ba ba ta hawa hanyar.

Daga ranar 1 ga Janairu 2021 ya zama tilas a yi amfani da shaidar lafiya ta ƙasa, INS, a kan kowace takardar marar lafiya. Ta ƙunshi lamba guda tare da abubuwa biyar: sunan haihuwa, sunan yanka, ranar haihuwa, wurin haihuwa da jinsi. Sa'annan aka ware yuro miliyar 2, sama da sefa miliyar 1.300, a cikin shirin da aka sani da Ségur. Dabarar da ke cikinsa ta cancanci ƴan kasuwa su lura da ita: gwamnati ta biya kuɗin sabunta manhajojin dokotoroci da labo da asibitoci, amma sai ga kamfanin da ya nuna cewa manhajarsa na aika takarda cikin dosiyen ƙasa da kanta, bisa tsari guda, ba tare da dokotoro ya sake rubutu ba. Burin da aka sa gaba shi ne a tashi daga takarda miliyan 10 zuwa miliyan 250 a shekara.

A watan Fabrairu 2022 aka buɗe Mon espace santé. A wannan karon ba a jira mutum ya zo ya nema ba: an aika wa kowa sanarwa, wanda bai ƙi ba cikin mako shida aka buɗe masa. Ta haka mafi yawan mutanen ƙasar suka samu nasu, takardu kuma suka fara kwarara saboda na'urorin sun koyi harshe ɗaya. Mai karatu zai lura cewa a duk wannan gyara ba a ambaci basirar na'ura ba. Lamba guda, harshe guda, jagora guda: su ne suka tayar da aikin da ya kwanta.

Ina basirar na'ura ta shigo?

Amfaninta na gaske ne, kuma yana da kyau a san inda yake. Mafi yawan abin da ke cikin dosiye rubutu ne na sakin baki: bayanin dokotoro, rahoton tiyata, wasiƙar sallama, sakamakon labo, wani da hannu wani da na'ura. Ɗaukar hoton takarda a zuba cikin kwamfuta bai isa ba. Hoto hoto ne. Ba za ka tambaye shi mutum nawa ne masu ciwon sukari suka kwanta bara ba. Dole a mayar da rubutun ya zama bayani mai gida-gida, kuma a nan ne na'ura ta fi mutum sauri nesa ba kusa ba.

Aikin yana tafiya daki-daki. Da farko na'ura ta karanta hoton ta mayar da shi haruffa. Sa'annan ta tsinto abin da ake bukata: sunan ciwo, sunan magani, adadinsa, ranar da aka ba da shi. Bayan haka ta liƙa wa kowane ciwo lambarsa daga kundin cututtuka na hukumar lafiya ta duniya, OMS, wanda ake kira CIM. Duk wanda ya taɓa fitar da kaya a duwan ya san irin wannan: shinkafa da lambarta, atamfa da lambarta, kuma da lambar ake lissafin haraji. A Faransa ma, tun 2004 da waɗannan lambobin ake biyan asibitoci kuɗin aikinsu, shi ya sa suke ɗokin na'urar da za ta taya su. Na'ura na kuma iya nuna cewa dosiye biyu da alama na mutum ɗaya ne, tana iya goge sunaye da adireshi kafin a ba masu bincike takardu. Rukunin asibitocin gwamnati na Paris, AP-HP, ya samu izinin CNIL a 2017 ya kafa rumbun bayanan miliyoyin marasa lafiya, kuma da irin waɗannan manhajoji yake ɓoye sunayen da ke cikin rahotanni.

Akwai kuma masu karanta hoto. A 2021 OMS ta amince a yi amfani da manhaja wajen duba hoton ƙirji don tace masu alamun tarin fuka, daga shekara 15 zuwa sama. Ga ƙasar da masu karanta radiyo ba su da yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ko a nan, in sakamakon bai shiga dosiyen mai shi ba, in bai iske majon da zai ba da magani ba, an yi aikin banza.

Inda na'ura ke tuntuɓe

Rubutun dokotoro ya yi suna wajen wuyar karantawa, ga shi cike da taƙaitattun kalmomi. A faransancin likita, haruffa uku na IVG na iya nufin zubar da ciki da gangan, suna kuma iya nufin raunin ɓangaren hagu na zuciya. Dokotoro yana ganewa daga sauran bayanin. Na'ura na iya ganewa, tana iya kuskure, kuma kowa na iya hango abin da irin wannan kuskure zai jawo wa matar aure a dosiyenta. Waƙafi ɗaya da ya dushe yana mayar da 0,5 ya koma 5 ko 05. Kalmar "pas de" da ta faɗa cikin lanƙwasar takarda tana mayar da wanda ba shi da ciwo ya zama mai shi.

Mu yi lissafin kasuwa. A ce na'ura tana dacewa sau 98 cikin 100, abin da mai talla zai yi alfahari da shi. A cikin layi 100.000 na magunguna, layi 2.000 ke nan ba daidai ba, kuma ba su da wata alama da ta bambanta su da sauran. Kuskuren hannu yakan zo da gogewa da karce, mai karatu ya yi shakka. Kuskuren na'ura yana fitowa tsaf, da haruffa masu kyau, ya fi shiga rai.

Sababbin manhajoji masu sauraron hira tsakanin dokotoro da marar lafiya su rubuta rahoto suna da wani aibi na dabam: sukan ƙirƙiri abin da ba a faɗa ba. A watan Oktoba 2024 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ba da rahoton cewa Whisper, manhajar mayar da magana rubutu ta kamfanin OpenAI, wadda aka gina wasu kayan aikin likita a kanta, takan saka jimlolin da babu wanda ya furta.

Masu hasashen ciwo ma haka. A 2021 masu bincike na jami'ar Michigan a Amurka sun auna wata manhaja ta kamfanin Epic da ɗaruruwan asibitoci ke amfani da ita don gano gubar ƙwayoyin cuta a jini tun da wuri. Sun tarar ta kasa gano kashi 67 cikin ɗari na masu ciwon, alhali ta yi ƙararrawa a kan kashi 18 cikin ɗari na dukan waɗanda aka kwantar. Ma'aikacin da ƙararrawa ta dame shi ba dalili, ranar da ta yi gaskiya ba zai waiwaya ba. Darasin shi ne na'urar da aka horar da dosiyen wani wuri sai an sake gwada ta a wurin da za ta yi aiki.

Saboda irin wannan ne dokar Faransa ta ranar 2 ga Agusta 2021 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da marar lafiya in ya yi amfani da irin wannan na'ura wajen duba shi ko yi masa magani. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ita ma ta sa na'urorin likita cikin masu babban haɗari, waɗanda dole mutum ya riƙa sa musu ido. Ma'ana, duk asibitin da ya sayi na'ura sai ya tanadi mai dubawa, ya rubuta wane ne ke sa hannu, wane ne ke amsa tambaya in an yi ɓarna. Wannan ma aikin daidaitawa ne, kuma yana cin kuɗi fiye da yadda mai talla ke faɗa.

Rumbun a gidan wa?

Basirar na'ura da bayanai take koyo, kuma tana bukatar su da yawa. Bayan rahoton ɗan majalisa kuma masanin lissafi Cédric Villani a watan Maris 2018, Faransa ta kafa babban rumbun bayanan lafiya, Health Data Hub, a ƙarshen 2019. Sai aka ba kamfanin Microsoft na Amurka ajiyarsa. Ƙungiyoyi suka kai ƙara, suna cewa dokokin Amurka na iya tilasta wa kamfanin ya miƙa bayanan. A watan Oktoba 2020 kotun ƙoli ta harkokin mulki, Conseil d'État, ta yarda cewa haɗarin na nan, ko da yake ba ta dakatar da aikin ba, gwamnati kuma ta yi alkawarin neman wani ma'aji. Wannan gardama ta jinkirta aikin shekaru. Tambayar da ya kamata a amsa tun ranar farko, watau a hannun wa sirrin jama'a zai kwana, an bar ta sai da aka gama gini.

Sai kuma ɓarayi. A watan Agusta 2022 masu kutse suka kulle kwamfutocin babban asibitin Corbeil-Essonnes, kudu da Paris, suka nemi fansar dalar Amurka miliyan 10. Asibitin ya koma ga alƙalami da takarda, ya riƙa tura marasa lafiya wasu wurare, ya yi makonni kafin ya farfaɗo. Da ba a biya ba, ɓarayin suka watsa wani ɓangare na bayanan a intanet. Ɓarawon takarda sai ya shiga ɗaki ya ɗauki abin da hannu zai iya ɗauka. Ɓarawon kwamfuta yana kwashe na dubban mutane daga wata ƙasa, cikin dare ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu fa a nan?

Nijar ba daga sifili za ta fara ba. Ma'aikatar lafiya tana tattara alƙaluman cibiyoyi da manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa, kuma ƙasashen Afirka da yawa ke aiki da ita. Amma galibin abin da ke shiga ciki jimla ce: yara nawa aka yi wa lamba, mutum nawa suka zo da zazzaɓin cizon sauro. Dosiyen mutum ɗaya, wanda zai bi shi daga CSI na ƙauyensu zuwa likitar gunduma, daga nan zuwa babbar likitar Damagaram ko ta Maraɗi ko ta Yamai, wani aiki ne dabam. A fagen doka kuma, a 2017 an yi dokar kare bayanan mutum wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka sake sabunta ta a 2022.

Matsala ukun da suka kayar da Faransa duk suna jiran mu, wasu ma sun fi nauyi a nan. Dubi maganar suna. Mahamadou, Mahaman, Mamane, Maman: mutum ɗaya ne, ya danganta da wanda ya riƙe alƙalami. Sunan uba ne ke bin na ɗa, ba sunan zuriya ba, saboda haka a gari ɗaya ana iya samun mutum hamsin masu suna iri ɗaya. Dattawa da yawa takardarsu "né vers" ta ce, wasu kuma duk an ba su 1 ga Janairu. Na'urar da aka horar da sunayen Turawa, in aka ce ta haɗa dosiyoyi masu kama da juna a nan, ko dai ta raba mutum ɗaya gida huɗu, ko ta haɗa mutum huɗu gida ɗaya. Na biyun ya fi haɗari, domin rukunin jinin wani zai shiga dosiyen wani. A 2020 Bankin Duniya ya amince da mataki na biyu na shirin WURI, wanda ya haɗa da Nijar, don ba kowane mutum lambar shaida guda. Ko ta wannan hanya ko ta wata, sai lambar ta samu kafin dosiye ya tsaya da ƙafarsa.

Dubi harshe. Marar lafiya yana bayani da hausa ko zabarmanci ko fulatanci ko tamashek ko barbarci, majo yana rubutawa da faransanci. Manhajar da ke sauraron hira ta rubuta rahoto, a kan manyan harsunan Turai aka fi horar da ita. Wanda ya ce "ciwon daji", ko "shawara", ko "jikina ne ya mutu", yana bukatar kunnen da ya san abin da ake nufi. Ga kuma masu ƙetara iyaka neman magani a Katsina ko Kano ko Sakkwato, su dawo da takardu cikin ingilishi, da waɗanda ke shigowa daga can zuwa likitar Galmi. Lambobin OMS, waɗanda ba ruwansu da harshe, su ne gadar da za ta haɗa waɗannan takardu.

Dubi kuran. Kowa na tune da watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke ba ƙasar nan mafi yawan abin da take amfani da shi, har zuwa farkon 2024. Dosiyen da ba ya buɗuwa sai da kuran da intanet, ranar da aka fi bukatarsa ne zai ƙi buɗuwa. Tsarin da ya dace da mu shi ne mai aiki a cikin gidan likita da hasken rana da batir, ya aika bayanai sama in hanya ta samu. Akwai misali a nahiyar nan: manhajar OpenMRS, wadda aka fara ginawa a 2004 kuma kowa na iya ɗauka kyauta, an fara aiki da ita a 2006 a Eldoret ta Kenya da Rwinkwavu ta Ruwanda, wurare masu ƙarancin kayan aiki. Haɗarin da ke tattare da wannan arha shi ne kowane mai ba da tallafi ya zo da tasa manhaja, ta tarin fuka dabam, ta masu ciki dabam, ta tamowa dabam, majo ɗaya ya riƙa cika allo huɗu bayan rajistocin takarda. Nan ne ma'aikata ya kamata ta tsaya kai da fata: duk mai kawo manhaja, ga ƙa'idarmu.

Akwai riba a fili ga baitulmali ma. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, tiyatar haihuwa ma haka, cibiyoyi su yi aiki su aika faktir gwamnati ta biya. Jinkirin biyan waɗannan faktir sanannen abu ne, masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai sun yi rubutu a kansa. Dosiye mai lamba da tsari yana sa faktir ta fito da kanta, a tantance ta da sauri, a kuma gane ta bogi. A irin wannan aiki na tantance dubban takardu, basirar na'ura tana da abin yi, kuma kuskurenta a nan ana gyara shi da alƙalami, ba ya kai mutum kushewa. Da a nan za a fara gwada ta, da ya fi.

Tambayoyi kafin a sa hannu

Ma'aikacin da za a kawo wa kwangila ya sa hannu, da ɗan kasuwar da zai shiga neman ta, da ɗan ƙasar da sirrin jikinsa ne ake magana a kai, duk suna da haƙƙin yin tambaya. Da wace lamba za a gane marar lafiya? Manhajar nan tana magana da ta likitar da ke maƙwabtaka? In kamfanin ya tashi, ko tallafin ya ƙare, za mu iya kwashe bayananmu mu kai wani wuri? A wace ƙasa rumbun yake, wa ke da mabuɗinsa, kuma ana rubuta sunan duk wanda ya leƙa? An gwada na'urar da rubutun dokotorocinmu da sunayenmu? Wa ke duba abin da ta rubuta? Ranar da kuran ya ɗauke, da me za a yi aiki?

Faransa ta kashe shekara 18 da miliyoyin yuro kafin ta jera waɗannan amsoshi yadda ya kamata. Mu ba mu da irin kuɗinta, amma muna da damar da ba ta samu ba, ta ganin inda wani ya faɗi. Na'ura tana karanta takarda dubu kafin mutum ya gama ɗaya, sai dai ba ita za ta zaunar da ma'aikatar lafiya da ta cikin gida da masu tallafi da shugabannin likitoci a tabarma ɗaya su yarda da ƙa'ida guda ba. Wannan zama aikin mutane ne, kuma shi ya kamata ya riga sayen kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.